Tafiyata Uluru a Motar Matasa

Whyalla, 18 ga Yuni

Zuwa ga Yayata Doreen,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Alastair da yara da jikoki. Allah ya ƙara miki sauƙin gwiwar nan. Mu nan lafiya lau. 'Yarki Kerry ta wajena tana Port Lincoln da mijinta, autarta ma ta fara tafiya. Sanyi ya shigo, iskar teku ta kore ni daga baranda. Kada ki yi mamakin ganin rubutuna manya-manya kamar na ɗan firamare, dalilinsa ne ya zaunar da ni rubuto miki.

A watan Maris likitan ido a Adelaide ya shaida mini cewa tsakiyar ganina tana mutuwa, kuma ba ta dawowa. Duk abin da na kalla kai tsaye sai ya zama tabo, sai na ɗan kawar da kai nake hango shi ta gefen ido. In na fito daga rana na shiga inuwa kuwa, sai in jima ban ga komai ba. Ya ce in daina tuƙi. Ban gaya wa kowa ba, har Kerry. Kin san ni da matata marigayiya Joyce mun shekara talatin muna cewa baɗi za mu je Uluru, ƙaton dutsen nan na tsakiyar hamada, har ta rasu ba mu je ba. Sai na ce tun da sauran gani, bari in je. Motar da na samu irin ta matasan nan ce masu yawon duniya da jaka a baya, kwana tara daga Adelaide zuwa Alice Springs, ana kwana a masaukin matafiya, mutum takwas a ɗaki. A takardar da suka ba ni in cike, inda aka tambayi lafiya, na rubuta lau.

Mu ashirin ne a motar, kuma wanda ya bi ni a shekaru ban kasa haifarsa ba. Direbar wata mata ce mai suna Shaz, mai murya kamar ta mai gwanjo. Tana ganina da tsohuwar jakar Baba ta ce, "Tsoho, motar gidan gajiyayyu ta wuce tun ƙarfe shida." Na ce mata ai na ga direbarta ce aka bari a baya. Daga nan muka saba. Sauran kuwa ban yi farin jini a wurinsu ba da farko. Su yi mini murmushi ban gani ba, su ɗaga mini hannu in wuce. Ranar da girki ya zo kaina na zuba sukari a taliya a maimakon gishiri, kowa ya daure ya ci a haka. Ga minshari. Wani Bajamushe kafinta mai suna Torben, wanda yake kwana a gadon da ke saman nawa, ya ce ya yi aiki da zarto iri-iri amma bai taɓa jin mai ƙara irin nawa ba.

A Coober Pedy asirina ya tonu. Kin san masaukansu a ƙarƙashin ƙasa suke. Da safe mun gama loda kaya, rana ta fito tarwai, sai na tuna na bar maganin hawan jinina a ɗaki. Na koma da sauri, ina shiga ƙofa duniya ta yi baƙi ƙirin. Maimakon in tsaya sai na ci gaba, na zame a matakala na gangara har ƙasa. Goshina ya fashe. Na zauna a wurin ina jin jini yana bin fuskata, ban san inda ƙofa take ba, ga Shaz tana ta danna oda a waje. Torben ne ya biyo ni. Ya miƙo mini hannu ya jima, ni ban gani ba, sai ya tsuguna ya tambaye ni a hankali yatsu nawa ya ɗaga. A nan na gaya masa komai, shi ne mutum na farko da ya ji daga bakina. Na roƙe shi ya rufa mini asiri, don na san za a iya mayar da ni gida. Ya ce shi ba zai kai ƙarata ba, amma in an tambaye shi ba zai yi ƙarya ba, kuma gara ta ji daga gare ni.

Na gaya wa Shaz tana cikin ɗaure mini goshi. Yaya, tun rasuwar Mama ba a yi mini faɗa irin wannan ba. Ta ce da a bakin dutse abin ya faru, da wane baki za ta yi wa 'yata bayani? Ta ce bisa ƙa'ida a nan ya kamata ta sauke ni in hau motar Adelaide. Ban musa ba, don gaskiyarta ce. Ta koma gefe ta buga waya ofishinsu, ta daɗe, sannan ta hau mota ta gaya wa jama'a halin da ake ciki, ta ce ita ba za ta iya tuƙi da gadina a lokaci guda ba. Ni kuwa ina ji kamar in nutse. Sai wata 'yar Koriya mai suna Mi-rae, wadda ban taɓa jin muryarta ba, ta ce ita dai ta ji daɗi, don kwana huɗu tana gaishe ni ina share ta, ta ɗauka ƙin jininta nake. Aka fashe da dariya. Kafin mu bar garin sun raba ranakun a tsakaninsu, kullum da mutum biyu masu tafiya da ni.

Ba zan ce miki abin ya yi mini daɗi nan take ba. Mutumin da ya shekara arba'in yana tuƙa injin ɗaga ƙarfe, yau a ce masa ga tudu, ga rami. A kwazazzabon Kings Canyon Shaz ta hana ni hawa saman dutsen, na yi fushi har na ƙi shan shayi. Ta ce in yi ta kumburi, ba za ta kwashi gawata a bakin aikinta ba. Sai na bi hanyar rafi ta ƙasa, mutum shida suka fasa hawan suka biyo ni, wai su ma gwiwoyinsu ciwo suke. Yara 'yan shekara ashirin da biyu! Na san ƙarya suke, amma na bar su muka tafi tare.

Mun isa Uluru da la'asar, muka tsaya inda motoci ke tsayawa jiran faɗuwar rana. Na kalle shi kai tsaye, ban ga komai ba sai tabon nan. Na ce a raina ashe na makara. Torben ya lura, ya kama kafaɗuna ya juya ni kaɗan, ya ce in kalli motar can ta hagu. Sai ga shi ta gefen idona, ja wur, ya cika rabin duniya. Haka na tsaya, kowa yana fuskantar dutse ni ina fuskantar wurin ajiye motoci, hawaye na zuba. Mi-rae tana gefena tana faɗa mini duk launin da ya sauya, in Turanci ya ƙare mata ta ƙarasa da yarensu. Na ba su labarin Joyce. Shaz ta miƙo mini kofin shayi ta ce, "Sha, tsoho, kafin ƙudaje su riga ka."

A Alice Springs, ranar rabuwa, Torben ya ce ba zai hau motarsa ba sai na kira Kerry a gabansa. Na kira. Da na gaya mata, sai ta ce ai tun Kirsimeti ta lura ina zuba shayi a gefen kofi, jira take in faɗa da kaina. Yanzu duk ranar Asabar tana zuwa, kuma na yarda a koya mini tafiya da sanda. Ban san yadda zan gode wa yaran nan ba. Sun watse ƙasashensu, da wuya mu sake haɗuwa, amma kullum suna cikin addu'ata.

Saura roƙona gare ki. Kin ce sai shekara mai zuwa ta sama za ki zo gida daga Winnipeg, can ƙetare. In da hali, Yaya, ki zo bana. Shekara goma sha ɗaya rabona da fuskarki, kuma likita bai yi mini alkawarin baɗi ba. In kin ga ina kallon bango kina magana, kada ki ji haushi, ke nake kallo.

Ki gaida Alastair, da Fiona da mijinta, da Graeme, da jikoki duka. Kerry tana gaishe ki. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki,
Neville