Ni Na Ciro Samfurin Ƙawata Daga Firiza

Assalamu alaikum, Hajiya mai shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku ji ni kafin ku yanke mini hukunci, ni ma na gaji da zagin kaina.

Ni 'yar Funtua ce, ina digiri na biyu. Bincikena a kan wasu korayen ƙwayoyin baktiriya ne da ke haɗa abincinsu da hasken rana kamar tsiro. Ni da ƙawata 'yar Tsiga muka ɗebo su daga wani kududdufi a Ƙarfi da damina, muna tatsar maiƙon da ke jikin tantaninsu. Maiƙon nan da ya ji zafi ya lalace, ga shi firiza ɗaya tal ke aiki a ɗakin gwajinmu. Sau nawa muka yi ƙorafi? Wa ya saurare mu?

Wata Juma'a na gama tatsar nawa, na buɗe firizar, babu masaka tsinke. Na zaro akwatin maiƙon ƙawata na ɗora a benci, na saka nawa, da niyyar in gyara wuri in mayar da nata, sai na ji motar gida za ta tashi, na fita a guje. Wallahi sai Litinin na tuna! Na riga kowa zuwa, na tarar akwatin ya yi ɗumi. Maimakon in faɗa, sai na tura shi ciki na rufe.

Da ta auna, sakamakon ya fito a birkice. Malaminmu ya ce, "Wannan sakaci ne, bana ba za ki kare aikinki ba." Kududdufin ya ƙafe, sai wata daminar, mahaifinta kuma ya ce ta dawo gida haka nan. Jiya ta riƙe hannuna tana kuka, ta ce, "Ke naki ya yi kyau, don Allah nuna mini inda nake kuskure." Na zauna ina koya mata abin da ta fi ni iyawa! Wace irin mutum ce ni?

In na faɗa, Malam zai iya soke nawa, ita kuma na rasa ta. In na yi shiru, karatunta ya tafi, tana zargin kanta. Jama'a, me zan yi?