Injin Niƙa a Zauren Baba

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya zaman Agadas? Ina Hadiza da yara? Mu nan da sauƙi.

Mamman, wakilin da Baba ya damƙa wa gidan hayarsa na Birni, ya saka mai injin niƙa a zaure bai shawarci kowa ba. Girgizar injin ta tsaga bangon ƙasa, azarar rufi ta faɗo ta karya ƙafar 'yar masu haya.

Baba ya je ya ce a fitar da injin. Mamman ya ce, "Alhaji, gidan nan a hannuna yake." Baba ya maka masa sanda a goshi, jini ya wanke masa fuska. Shi kuma ya hankaɗa tsoho cikin kwata. Ni dai na shaƙe shi, da ƙyar maƙwabta suka ɓamɓare hannuna.

Mai unguwa ya hana mu zuwa komisariya wajen 'yan sanda, ya karɓe makullan gidan daga hannun Mamman ya ba ni, aka cire injin.

Goshin Mamman ya warke, Baba ya miƙe, yarinyar ce har yanzu a kwance. Ka sa ta a addu'a kafin mu. A gaida kowa.

Ƙaninka,
Laminu