Ƙorafi Kan Cire Mahaifiyata Daga Zauren Tok Sariah

Daga:
Zaharah binti Mat Som,
Gida na uku bayan masallaci,
Kampung Air Rembia, Negeri Sembilan.

Zuwa ga:
Mai Girma Datuk Haji Kulop bin Maarof,
Shugaban danginmu, mai riƙon al'ada,
Gidan Datuk, Air Rembia.

17 ga Fabrairu, 2025

Game da: Cire Hajiya Halijah da 'ya'yanta daga zauren zuriyar Tok Sariah na intanet, da abin da hakan ya jawo

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwar ban girma da fatan Allah ya ƙara wa Datuk lafiya, ina neman izinin gabatar da kukana. Ni ce Zaharah, tsohuwar ungozomar gwamnati, 'yar Hajiya Halijah, wadda duk zuriya ke kira Mak Long saboda ita ce babba a ɗakinsu. Ban saba rubuta wa manya takarda ba. Na zo gidan Datuk a watan Disamba, na sake zuwa a watan Janairu, aka ce mini yana birni wajen likitan ido, shi ya sa na koma ga biro.

Datuk ya san cewa a shekarar 2020, da annoba ta hana kowa zuwa gida yin Sallah, samarin zuriyarmu suka buɗe shafi a intanet da zauren saƙonni a waya, suka sa musu sunan kakarmu ta farko, Tok Sariah. Abu ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Na Singapore da na Jidda da na Perth duk suka san juna, aka zana bishiyar zuriya, ana sanar da haihuwa da aure da rasuwa. Mahaifiyata, da ba ta iya karatun waya ba, ta koyi danna wurin magana, kullum bayan asuba sai ta aika wa zaure addu'a da muryarta. Ga ƙorafina daki-daki.

1. Asalin mahaifiyata ba asiri ba ne, bai kuma taɓa zama asiri ba. A shekarar 1943, lokacin yunwar yaƙi, wata 'yar China mai tsagar itacen roba ta zo da jaririya a naɗe cikin buhu, ta miƙa wa kakata Sepiah, wadda ɗanta na fari ya rasu a makon. Kakata ta sa ta a ƙirji ta shayar da ita har yaye. Da yarinyar ta kai shekara bakwai aka yi bikin shigar da ita dangi yadda al'ada ta tanada: aka yanka akuya, aka dafa shinkafa, aka yi rantsuwa da Alƙur'ani a gaban Datuk na wancan zamani, wato kawun Datuk na yanzu, aka shelanta cewa ita 'yar Sepiah ce a dangi da gado. Tun da mu ta wajen uwa muke lissafin dangi, abin da ya taɓa ta ya taɓa ni, ya taɓa 'ya'yana mata da jikokina.

2. A ƙaramar Sallar 2024, Irfan Hadi, jikan ƙanwar mahaifiyata, wanda ke zaune a Perth kuma shi ke riƙe da kalmar sirrin shafin, ya zo gida da wasu 'yan kwalabe. Ya ce gwajin yawu ne, zai nuna hanyar da kakanninmu suka bi suka ƙetaro daga Sumatra. Tsofaffi duk suka tofa. Ina nan tsaye mahaifiyata ta tofa nata tana dariya, tana cewa, "Yau ga ikon Allah, jikana ya haye teku ya zo roƙon yawu. To riƙe da kyau, ɗan nema, in ya zube ba ni da wani." Babu wanda ya gaya mata za a baza sakamakon a gaban mutum sama da ɗari huɗu. A watan Yuni aka sa shi a zaure da taswira mai launi-launi, nata launin daban da na kowa. Ko a lokacin ba ta ji haushi ba. Abin da ta aika wa zaure shi ne, "Sai da kuka aika wa Turawa kafin ku gane? Ai da kun kalli idona kun huta." Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, don ban san inda maganar za ta kai ba.

3. Ranar 1 ga Satumba, 2024, kwamitin shafin, samari da 'yan mata bakwai da babu ko mai furfura ɗaya a cikinsu, suka yi taro ta bidiyo suka kafa doka. Dalilinsu shi ne baƙi sun cika zauren, masu tallar maganin ƙiba da masu da'awar dangantaka. Ban ce babu wannan matsala ba. Amma maganin da suka kawo shi ne a raba zauren ɗaki biyu: na "zuriyar jini", inda ake saƙonni da sanarwa, da na "abokan arziki", inda ake kallon hotuna da koyon girki kawai. Washegari da asuba mahaifiyata ta danna wurin magana, abin ya ƙi. Mu goma sha ɗaya aka kwashe a dare ɗaya aka mayar ɗakin abokan arziki, ba sallama.

Na rubuta wa Irfan cikin ladabi, duk da ni na yanke masa cibiya. Amsarsa tana nan a wayata, in Datuk yana son gani: "Mak Cik Zaharah, wallahi ba ni ba ne, tsari ne. In akwai hoton bikin ko wata takarda ki turo, nan take zan gyara." Ranka ya daɗe, a 1950 wa ke da abin ɗaukar hoto a Air Rembia? Akuyar an cinye ta. Shaidun duk suna kwance a maƙabartar bayan masallaci, ina ganin su ta tagar kicin ɗina. Na gaya masa cewa nonon da kakarsa ta sha, mahaifiyata ta riga ta sha, kuma addini ya san wannan dangantaka ko da kwalba ba ta san ta ba. Ya ce shafin ba shi da gurbin shayarwa, sai uwa da uba.

4. Wannan shi ne mafi nauyi, ina roƙon Datuk ya karanta shi a tsanake. Ranar Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024, kawuna Ujang, ƙanin mahaifiyata kuma na ƙarshen da ya rage mata a ɗakinsu, ya rasu a gidan ɗansa a Johor. Datuk ya fi ni sanin yadda ake yi a da. In an yi rasuwa, ana tada mutum takanas, a ƙafa ko a keke, ya fara zuwa ƙofar babbar mace ta ɗakin kafin kowa ya ji. Yanzu an bar wannan, sai a rubuta a zaure a ce an sanar. Haka aka yi. Kowa ya ɗauka wani ya kira mu, babu wanda ya kira. Aka yi masa wanka, aka yi salla, aka binne shi ranar Lahadi, mu muna nan muna shanya barkono a tsakar gida.

Ranar Laraba na je kasuwa, mai kifin da nake ciniki da ita ta riƙe hannuna ta ce, "Ashe haka Allah ya yi da Pak Ujang? Na ce ko jikin Mak Long ne ya hana ku zuwa." A bakin mai kifi na ji mutuwar kawuna, da ledar kifi a hannuna. Na dawo gida na yi ta zagaye a tsakar gida kamar kazar da ta rasa wurin kwana, na rasa ta inda zan fara. Matar da ta goya Ujang a bayanta, ta kai shi makaranta, ta sayar da abin wuyanta ta yi masa aure, ba ta ga fuskarsa ba, ba ta yafe masa a kunne ba, shi ma bai yafe mata ba. Wannan babu kwamitin da zai iya gyara shi, kuma ban rubuto don a gyara ba. Na rubuta ne don ya zauna a takarda.

5. Duk wanda ya buɗe shafin Tok Sariah a yau, abin da zai fara gani shi ne hoton wata tsohuwa tana tuƙa dodol, alewarmu ta kwakwa, a babban kasko, hayaƙi ya rufe mata rabin fuska, an rubuta a ƙasa "Gadonmu". Tsohuwar nan mahaifiyata ce. Waƙar rarrashin jariri da ke tashi in an buɗe shafin, muryarta ce. Ban san dokar da ta ce muryar mutum zuriya ce amma shi kansa baƙo ba ne, wataƙila tana cikin tsarin da ban karanta ba.

6. Halin da take ciki. Da farko na ce mata wayar ce ta lalace, daga baya na ce hanyar sadarwa ce, har ta sa na kai wayar wurin mai gyara. Bayan rasuwar kawu babu sauran abin ɓoyewa, na gaya mata gaskiya. Ba ta zagi kowa ba, da ma ta zaga da na fi samun sauƙi. Sai kawai ta ce in ɗauko mata maɓallin zinariya na gaban riga, wanda ya fito daga Tok Sariah yana bin babbar 'ya mace har ya iso gare ta. Ta naɗe shi a hankici ta ce, "Ki kai wa masu shi, Zaharah, tun kafin su aiko. A shekaruna ba na son a yi mini aike." Yana nan a akwatina, ban kai wa kowa ba, don ban san wa zan kai wa ba. Shekarunta tamanin da ɗaya. Tun watan Disamba ƙafafunta suka kumbura, likita ya ce zuciyar ta gaji, mu yi ta addu'a. Na yi aikin asibiti shekara talatin, na san ma'anar wannan magana.

'Yan'uwa da dama sun kira ni a ɓoye, kowa na cewa abin bai yi masa daɗi ba, a gaishe da Mak Long. Da na ce su faɗi haka a cikin zaure, sai wannan ya ce ba ya son rigima, wancan ya ce yaran nan su suka san na'ura, in an ɓata musu rai suka rufe shafin kowa ya rasa. Raina ya ɓaci da yaran, amma na manyan ya fi ci mini rai.

Ranka ya daɗe, ba zan yaudari kaina ba. Na san Datuk ba shi da kalmar sirrin shafin, na san shi ma jikansa ne ya shigar da shi zauren, kuma na ji an ce kwamitin ba ya amsa kiran kowa sai an cike musu tambayoyi ta intanet. A da kalmar Datuk ita ke shigar da mutum dangi, yau wani yaro a Perth ke fitar da shi da ɗan yatsa yana shan shayi. Duk da haka babu wata ƙofa da na sani sai wannan, don haka nake roƙon abubuwa kamar haka.

Na farko, Datuk ya faɗa da bakinsa, a gaban dattawa, ko rantsuwar da aka yi a gaban kawunsa tana nan ko ta warware. In tana nan, ya umarci kwamitin su mayar da mahaifiyata zaure kafin azumi ya kama, ko da ita kaɗai ce, mu 'ya'yanta mun haƙura. Tana son ta nemi gafarar kowa da muryarta kamar yadda ta saba kowace shekara, kuma ba na jin za ta kai Sallah.

Na biyu, in ta warware, a sauke hotonta da muryarta daga shafin, a kuma gaya mini sunan wadda zan miƙa wa maɓallin.

Na uku, in duk waɗannan sun gagara, kamar yadda zuciyata ke gaya mini, to ina roƙon alfarma ɗaya. Ba ni da lambobin mutanenmu na nesa, duk a zauren suke, kuma yanzu babu mai hawa keke ya kai labari. Ranar da Allah ya karɓi abinsa, a buɗe mini zauren na ɗan lokacin da zan rubuta layi biyu, in faɗi lokacin jana'iza, sannan a sake fitar da ni. Wanda ya ga dama ya zo, wanda bai zo ba kada ya ce bai ji ba. Mahaifiyata ta wanke gawarwakin matan zuriyar nan fiye da yadda zan iya tunawa, ba na son ranar tata mu rasa wanda zai kama mana makara.

Ina neman afuwa in harshena ya zarce a wani wuri, baƙin ciki ne ba raini ba. Allah ya ja zamanin Datuk, ya ba shi lafiyar ido da ikon yin adalci.

Wassalam.

Mai biyayya ga al'ada da shugabanta,

Zaharah binti Mat Som,
'yar Halijah, 'yar Sepiah.