Shingen da Na Matsar

Foron,
12 ga Afrilu, 1987

Zuwa ga ƙanena Chollom,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fatan kana lafiya, da matarka Garos da yara, kuma aikin masaƙa a Kaduna bai fi ƙarfinka ba. Mu nan lafiya lau, sai jiran ruwa.

Na san ganin rubutuna ba zai yi maka daɗi ba, bayan shekara goma sha tara ba mu ce wa juna uffan ba. Ka daure ka karanta. Shingen ƙyarana, tsiron nan mai farin ruwa, da ya raba gonata da taka, ba Baba ne ya dasa shi a wurin ba. Ni na tumɓuke shi a watan da muka binne Baba, na matsar da shi taki ashirin cikin gonarka, na cinye maka gefen rafi. Ka faɗi gaskiya a gaban dattawa, ni kuwa na rantse da ƙarya, har na mare ka a gaban mama. Washegari ka bar gari.

Shekara biyu ke nan da na daina burkutu. Ba ƙwazona ba ne. Matata Kangyang ce ta riƙa tashina addu'a kowace safiya, ina gunaguni tana ja na, har na saba. Yanzu ni ke tashin ta. Takan ce, “Ikon Allah, yau Rwang ne ke koya mini sammako, kai da sai rana ta gasa maka ƙeya kake motsi.” Amma kullum na zo wurin roƙon gafara sai bakina ya yi nauyi, domin daga ƙofar ɗakina ina hango shingen nan.

Ka gafarta mini. Ka zo gida mu gyara.

Yayanka,
Rwang

Foron,
20 ga Yuli, 1987

Ƙanena Chollom,

Ina gaishe ka da iyali, da fatan damina ta same ku lafiya. Ban ga amsarka ba, ban kuma yi mamaki ba.

Ran Lahadin da aka yi Jibin Ubangiji, an miƙo mini gurasa na kasa ɗauka. Na tashi na faɗa wa ikilisiya abin da na faɗa maka. Dattijo Da Mancha, wanda ya yanke mana hukunci a wancan lokaci, ya tsufa ƙwarai, jikarsa ke riƙe masa sanda. Bayan an tashi ya kama hannuna ya ce, “Ɗana, ka sa ni na yi zalunci da bakina, ga shi ina dab da kabari. Tashi mu je, na san inda ubanku ya tsaya.” Ashe bai manta dutsen iyakar da Baba ya kafa ba. Mun same shi a ƙarƙashin ciyawa.

Na mayar da shingen da hannuna. Ka san ƙyarana, farin ruwanta ba ya wasa. Mutane suka ce in ɗaura tsumma a fuska, in bari a taya ni. Na ƙi, na ce ni kaɗai na dasa, ni kaɗai zan cire. Taurin kan nan dai bai gama fita ba. Ruwan ya fantsamar mini a idon hagu, yanzu hazo-hazo nake gani da shi. Kangyang ta wanke mini da madara tana faɗa: “Tuba aka ce ka yi, ba a ce ka makance ba. Wa zai yi ta jan ka, ni?” Ban faɗa maka don ka ji tausayina ba, wauta ce tawa.

Ɗana Badung ya yi fushi, ya ce na ba da gadonsa, ya kira ni tsohon banza a tsakar gida. Ka san da can da tuni ya kwanta a ƙasa. Na sa hannuna a aljihu, na shiga ɗaki na durƙusa. Har yau ba ya cin abinci tare da ni.

Na shuka maka acca a gefen rafi. Ta yi kyau. Ka zo ka gani.

Yayanka,
Rwang

Foron,
8 ga Nuwamba, 1987

Ƙanena Chollom,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kowa lafiya. Wasiƙarka ta iso jiya. Kangyang ce ta karanta mini, sau biyu, ta biyun tana kuka.

Ka ce gonar ba ta dame ka ba, in ba wa wanda na ga dama. Ka ce abin da na ƙwace maka mama ce, domin ta rasu ba ka gan ta ba, kuma ni na hana a aika maka sai bayan an rufe ta. Gaskiya ne. Na yi ta kallon shinge, ban tuna da wannan ba, ko kuwa na ƙi tunawa. Ta kira sunanka har kwana uku, ina jin ta, ina zaune a waje da ƙwaryar burkutu. Wannan ba ni da yadda zan mayar maka da shi.

Na so in kare kaina, na fara rubutu na yaga. Zuciyata ta karye, Chollom, kuma ban ga laifinka ba ko kaɗan.

An yanke accarka, tana rumbun mama. Ba mai taɓa ta.

Ka ce ba ka da wa, kuma kada in sake rubuto maka. Na ji, zan bi maganarka, wannan ce ta ƙarshe. Amma ba ka hana ni kiran sunanka gaban Allah kowace safiya ba, kuma ina roƙon ka kada ka hana.

Ka gaishe da Garos da yaran da ban taɓa gani ba. Ubangiji ya kiyaye ku.

Ni ne,
Rwang