Na Ce a Bar Mini Tafiyarki

Zuwa ga mahaifiyata, Mma Mairo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da roƙon Allah ya ƙara haskaka makwancinki, na zo miki da labari: 'yarki Asabe ta sa sabuwar gwiwa. Ta ƙarfe da roba, Mma. Ni da sai da mata uku suka danne ni kafin a huda mini kunne.

Ciwon kin san shi, ke kika riga ni. Shekarunki na ƙarshe a kan tabarma kika yi su, a ƙofar ɗakinmu na Maamobi, kina shafa man kaɗanya kina ba duniya umarni da baki. To ni ma ya iso kaina. Guringuntsin gwiwar dama ya cinye, ƙashi na gugar ƙashi. Shiga trotro, motar haya, sai mutum biyu sun turo ni kamar buhun masara. Wata takwas ban taka rumfar atamfarmu ta kasuwar Nima ba.

Likitan ƙashi ya kafa hoton ƙafata, dogo, daga ƙugu har idon sawu. Ya ce hanya biyu ce. Ta farko, wadda aka daɗe ana bi, a gyara ƙashin a zaunar da ƙarfen yadda ƙafa za ta miƙe sak, layi ɗaya, kowa haka. Ta biyu, a bi yadda Allah ya halicci ƙafar mutum kafin ciwo ya ci ta, in da ɗan lanƙwasa a bar masa abinsa. Na ce, "Dokta, ka ce kayan kanti da ɗinkin tela mana." Ya yi dariya, ya ce su kansu likitoci ba su gama gardama a kan wanda ya fi ba.

Kin san ƙafarmu, Mma, baka ce tun asali. In mun jero daga famfo muna rangaji, matan lungu su ce, "Ga kwale-kwale biyu nan tafe." Ke kuwa ko a jikinki, sai ki ce, "Ku bar mu, ba mu taɓa faɗuwa da bokiti ba." Gidan an rushe shi an yi bene, kwanukanki an raba. Tafiyar nan ce kaɗai ta rage a hannuna, sai in bari a miƙe ta?

Na ce ɗinkin tela nake so, kuma zan kawo shaida. Na ciro hotonmu na Sallah daga bango, na haɗa da wasu biyu, na kai masa ina taƙama. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Hajiya, ina ƙafar?" Mma, zani har ƙasa, duk ukun! Shekara talatin ina sayar da zani, ashe shi zai ɓoye mini shaida.

Ya ce kada in damu, ƙashin ne zai faɗa masa: zai auna abin da ya cinye, ya mayar daidai gwargwado. Amma ciwo ya ƙara mini lanƙwasar, ba duka zai bari ba, kada nauyi ya taru a gefe ɗaya. Na nemi ƙari. Ya ce nan ba kasuwar Nima ba ce.

An yi aikin. Ba zan ɓoye miki ba, na kira sunanki a hannun ma'aikatan asibiti masu lanƙwasa gwiwa bayan aiki har sai da suka haddace shi. Salla har yanzu a kujera nake yi.

Amma Juma'ar da ta wuce na ajiye sanda, na nufi kasuwa da ƙafata. Hajiya Ladi ƙawarki mai koko, wadda ido ya fara yi wa nauyi, ta hango ni daga baya. Ludayi ya suɓuce mata. "La'ilaha illallahu! Mairo?" Da na juyo ta dafe ƙirji, ta ce, "Ja'ira, kin kusa kashe ni. Tafiyar uwarki sak!" Muka yi ta dariya har ta koma kuka, kokon ya huce.

Da ma kin riski wannan zamanin, Mma, da ni zan goya ki zuwa asibiti. Allah ya jiƙan ki, ya sa kina takawa a Aljanna ba ciwo ba sanda. In mun iso, daga nesa zan gane ki.

Taki har kullum,
Asabe mai atamfa