Rabon Akawal a Sadakar Arba'in

Karaye, Talata 14 ga Maris, 1950, ƙarfe huɗu da kwata na yamma. Ina rubutu a bakin turke, takardar a kan gwiwata.

Zuwa ga Yaya Shitu a Jos. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara mana haƙurin rashin Baba. Inna lafiyarta ƙalau, sai rashin cin abinci. An yi sadakar arba'in ranar Lahadi, mutanen Ruwan Bago da na Tudun Kaya duk sun zo.

Bayan haka, Akawal, dokin da Baba ya ce a ajiye maka, ba shi da lafiya, ban kuma san ko zai kai ka zo ba. Jiya da hantsi na tarar ya jiƙe da gumi, yana tonon ƙasa, yana waiwayen cikinsa, yana son birgima. Na ƙirga bugun jijiyarsa a ƙarƙashin muƙamuƙi: sittin da huɗu a minti. A makarantar aikin dabbobi an koya mana kada ya wuce arba'in. Na ɗura masa man gyaɗa kwalba guda, na yi ta zagayawa da shi. Yanzu hamsin da takwas ne, amma bai yi kashi ba tun jiya.

Na bi mutanen gida da tambaya ɗaya bayan ɗaya. Gwaggo Lauratu ta ce waina da ƙosai ne suka yi saura, abincin sadaka kuwa ba a zubarwa, sai ta juye wa dokin ƙwarya guda, ladan ya kai ga ɗan'uwanta. Kawu Daudu ya ce shi ma ya ba shi tuwon da ya kwana, da miyarsa mai albasa, akushi ɗaya ko biyu, bai riƙe ba. Kowannensu yana zaton shi kaɗai ya tuna da dokin. Na yi musu bayani cewa doki ba ya amai, abin da ya shiga cikinsa ya yi tsami sai ya kumbura shi. Kawu ya yi dariya, ya ce wata uku da fitowata makaranta har na fi Baba sanin dokinsa, alhali shekara goma sha ɗaya Baba yana raba furarsa da dokin kowace safiya. Gaskiya ne, Yaya, ni ma na gani da idona.

Ɗazu kuma na sami ƙoƙon furar Baba a bayan turke, an wanke an kife. Ashe tun ranar da aka binne shi Inna ke dama fura kamar yadda ta saba, ta kawo wa dokin gaba ɗaya, ba kurɓi biyun da Baba ke rage masa ba. Ta tsaya a kaina ta ce, "Halliru, ba furata ba ce dai ko?" Na ce mata zan duba littafin makaranta. Na duba, babu fura a ciki.

A gaida Turai da yara. Inna da Gwaggo suna gaishe ku. Ga abin da har yanzu ban sani ba:

Ko akushin Kawu ɗaya ne ko biyu.
Ko akwai hannu na huɗu da bai faɗa ba.
Ko man gyaɗan ne ya sauke bugun, ko dokin ne ke gajiya.
Me ya sa furar Baba ba ta taɓa yi masa komai ba.
Abin da zan ce wa Inna gobe da safe, domin na ga ta riga ta jiƙa gero.

Ƙaninka,
Halliru