Taurarin Baba Sun Ƙi Tsayawa

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara wa Baba sauƙi, ya ba Inna ƙarfin jinya, ku kuma ya saka muku da alheri. Ni dai ina nan da sauƙi, sai ciwon baya na tsayuwa gaban injin wanki. Na zaɓi in rubuto ne don a waya gaisuwa kawai muke yi. Kowa ya karɓa ya ce lafiya lau, ya miƙa wa na kusa da shi, kafin a zo kan abin da ya sa na kira an kashe.

Maganar wayar da na aiko wa Baba ce. Kin san tun da ya kwanta ya fi yi mini kukan silin a kan kukan ƙafarsa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a babbar mota, yana duban Gamzaki ya san lokacin kama hanya ya yi, yau ba abin da yake gani sai fanka da tabon yoyo. Shi ya sa na sa masa manhajar nan ta taurari, wadda in ka ɗaga waya ka nuna ko'ina za ta nuna maka abin da ke bayan rufi. Burina ɗaya ne, ya ga Zara da Kaza da 'Ya'yanta daga kan gadonsa, a daidai inda suke. Sai ya ce mini wai sama mai maye na aiko masa, tana ta juyawa ta ƙi tsayawa, har jiri take sa shi.

Ke shaida ce ban zauna ba. Na ce ku cire wa wayar riga, don maɓallin rigar yana da maganaɗisu, yana rikita kamfas ɗin da ke ciki. Kuka cire. Na ce ki riƙa juya ta a iska kamar mai rubuta takwas, kika ce kin yi har yara suna dariya wai Umma ta fara rawa. Akwai wani abokin aikina, muna ce masa Injiniya don yana taɓa gyaran waya lokacin hutu, shi ya ce a duba ko gadon ƙarfe ne. Na sa Yaya Babba ya ɗauko tsohon nan ya kwantar da shi a katifa a ƙasa. Na sa an goge manhajar an sake saukewa, an kashe fanka, an matsar da rediyo. Har irin wayar na aro a nan, na tsaya a bayan ɗakin wanki tsakanin kwandunan zannuwan gado ina nuna sama kamar taɓaɓɓe. Tawa ko gezau. Duk abin da na ce ku yi, sai ku ce an yi, amma tana nan tana juyawa, ko akwai wata dabara?

Da na gaji na ce ki ɗauko mini bidiyon abin. Na san kin yi ƙoƙari ki ɗauki fuskar wayar kawai. Amma a gefen hoton akwai babban yatsan Baba da wuyan hannunsa. Auta, hannun nan rawa yake yi kamar kan keken ɗinki. Wayar lafiyarta ƙalau, duk inda hannu ya kai ta can take nunawa, aikinta ke nan. Kuma na ji muryar Yaya a baya yana ce miki ki matso kada hannun ya fito.

Ba zan ɓoye miki ba, na ji zafi. Kun bar ni ina faɗa da maganaɗisu da ƙarfen gado, kun bar ni na sa an sauko da mara lafiya ƙasa a banza, alhali kowa a gidan ya san ruwa ma sai an riƙe masa kofi. An mayar da ni baƙon da ake share wa tsakar gida kafin ya shigo. To amma in zan yi adalci, ku ne kuke juya shi, kuke wanke shi, ni kuwa umarni kawai nake aikowa daga nesa. Na kuma san Baba. Na tabbata shi ya ce kada a gaya mini, wataƙila ma shi kansa ya fi son a ce wayar ce. In da ni ne a ɗakin, ban san ko zan iya saɓa masa ba.

Na nemi hutu washegari. Shugabar sashenmu ba ta yi mini wulakanci ba, ta zaunar da ni, ta ce ita ma ta yi jinyar uwa. Amma takarduna na zama a ƙasar nan suna wajen sabuntawa, in na fita yanzu ba dawowa, kuma ba wanda ya san ranar da za su fito. Kada ki sa wa Inna rai da zuwana, ni ma na daina sa wa kaina.

Abin da ya rage ba gyara ba ne. A ƙasan fuskar manhajar akwai wata 'yar alama mai kama da kamfas, in kin taɓa ta, sama za ta tsaya cak, sai a riƙa ja da yatsa. Sai dai daga nan ta zama hoto, ta daina bin inda aka nuna, kuma Baba zai gane a take. Don haka ki bar ta yadda take. Ki zauna kusa da shi, ki sa hannunki a ƙarƙashin nasa, ki bar shi ya kai ki inda yake so. Zai ƙi, na sani, zai ce shi ba jariri ba ne. Ki ce masa na bincika, laifina ne, 'yar banzar waya na saya, irinta ba ta tsayawa sai mutum biyu sun riƙe. Zai zage ni, ki ƙyale shi ya zaga, in dai zai yarda.

Ki gaishe da Inna, ki ce ta riƙa kwanciya in Baba ya yi barci. Ki gaishe da Yaya Babba da iyalinsa, ki ce ba na riƙe da shi. Ina gaishe da Gwaggo, da Kawu Tela, da maigidanki, da yaranki, Ƙaramin Baba da 'yar'uwarsa. Ke kuma daga yau, ko me likita ya faɗa, ki gaya mini yadda ya faɗe shi.

Naki,
Yayanki na nesa